Likita ya tura Mama sashen rage raɗaɗi, Yaya ya ce sallama ce

Assalamu alaikum Anti. Damuwa ce ta sa na ce bari in nemi shawararki. Mahaifiyarmu, shekararta 61, tana fama da sankarar mama. An yi mata aiki an cire nonon, aka yi kimo (maganin kashe ƙwayoyin sankara), muka ɗan samu sauƙi. Bana ciwon ya dawo, hoto ya nuna ya shiga ƙashin baya da ƙugu. Da dare ba ta barci, mu ma ba ma yi. Diclofenac da tramadol da muke saya a kemis sun daina yi mata komai. Likitanta ya rubuta mana takarda zuwa wani sashen rage raɗaɗi da suke ce wa faliyetif, ya ce ba gado za a ba ta ba, za mu riƙa zuwa ne muna komawa gida, kuma wataƙila su ɗora ta a kan mofin, wani maganin ciwo mai ƙarfi. Yayanmu ya ce sallama ce cikin dabara, irin ta "ku je gida ku ci gaba da addu'a." Shi so yake a sayar da gonar da Baba ya bari a kai ta Masar. Ƙanwar Mama kuma ta ce mofin ƙwaya ce, kuma duk wanda aka fara ba shi ba ya daɗewa. Mama ba ta san ciwon ya yaɗu ba, Yaya ya hana a faɗa mata. Ni kaɗai ce mace a cikinmu, ni ke jinyarta, ga yara ga miji. Har yanzu takardar tana jakata. In kai ta ko in bi maganar Yaya?

'Yar'uwarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Sannu da jinya. Allah ya ba Mama sauƙi, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri.

Ki kai ta, kada makon nan ya fita takardar tana jakarki. Maganar Masar, da ta gona, da abin da za a faɗa mata ko ba za a faɗa ba, duk za su iya jiran kwana biyu. Matar da ke kwana tana nishi ita ce ba za ta iya jira ba.

Ban ga laifin Yayanki ba da gabansa ya faɗi. Gidaje da yawa sun ji wannan magana ta "a koma gida a ci gaba da addu'a", suka naɗe tabarmarsu suka fito, babu magani a hannu, babu ranar dawowa, babu lambar wanda za a kira in dare ya yi tsanani. Wanda ya taɓa ganin haka dole ya yi zargi. Sai dai abin da likitan Mama ya yi daban ne. Ya miƙa ta ne ga mutanen da sana'arsu ke nan kullum: ciwo mai tsanani da ya zauna, da duk wahalar da yake jawo wa mai shi da masu jinyarsa. Za a buɗe mata kati, a ba ta magani, a ba ta ranar dawowa. Katinta na wurin likitan sankara kuma yana nan a buɗe. In akwai ƙwayar danne ciwon da take sha, irin su tamoxifen, za ta ci gaba da ita muddin likitan ya ga tana amfani. Ayyukan biyu tare suke tafiya, kuma ba masu sankara kaɗai ake turawa can ba. Masu ciwon zuciya da ya yi nisa, da masu ciwon ƙoda da na hanta da na huhu, suna zuwa har tsawon shekaru suna kwana a ɗakinsu.

Tun daga tambayoyin ranar farko za ki gane inda aka kawo ku. Galibi nas za ta ɗaga hannu ta ce, "Hajiya, in dunƙulallen hannu shi ne babu ciwo, yatsu biyar kuma ciwon da ya fi ƙarfin jimrewa, yau yatsu nawa?" Za a tambaye ta ina ne wurin, nuƙurƙusa yake yi a cikin ƙashi ko zafi ne mai tsira yana sauka ƙafa, domin maganin wannan ba shi ne na wancan ba, ciwon jijiya yakan buƙaci irin su amitriptyline ko gabapentin a kan maganin ciwon da aka saba. Za a tambayi barcinta, da cin abincinta, da yaushe rabonta da bayan gida, da ko tana iya kai kanta banɗaki, da wa ke kwana da ita. Wataƙila a juyo a tambaye ki ke ma yaya kike. Kada ku yi kara a nan. Iyayenmu mata sun saba da "alhamdulillahi, da sauƙi" ko da ciwo na cin su, kuma godiya ga Allah wajibi ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki gaya wa Mama tun a mota cewa ta yi hamdala sannan ta faɗi gaskiyar yatsun.

Wannan fanni wata Baturiyar Ingila ce ta kafa tubalinsa, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Abin da ta dage a kai shi ne raɗaɗin mai ciwo mai tsanani ba a jiki kaɗai yake ba: akwai tsoro, akwai tunanin bashi da na 'ya'ya, akwai abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuma kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashensa a 2007 da ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta, daga baya wasu manyan asibitoci suka biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. Wato takardar da ke jakarki, mafi yawan masu buƙatarta ba a taɓa rubuta musu ba.

Ga abin da za ki kai wa Yaya, tunda shi tsoronsa a ce an saduda. A 2010 likitoci a birnin Boston na Amurka sun wallafa wani bincike a kan mutum 151 masu sankarar huhu da ta riga ta yaɗu. Rabi aka yi musu maganin sankara kawai yadda aka saba, rabi kuma aka haɗa musu da zuwa sashen rage raɗaɗi tun daga farko, suna zuwa suna komawa gida. Waɗanda aka haɗa musu sun fi jin daɗin rayuwarsu, baƙin ciki mai kwantar da mutum ya yi ƙaranci a cikinsu, sannan a tsaka-tsaki sun rayu wata 11.6, sauran kuma wata 8.9. Ba alkawarin ƙarin kwana nake yi muku ba. Ciwonsu daban, ƙasarsu daban, kuma rai a hannun Allah yake. Abin da nake so Yaya ya gani shi ne zuwa wurin bai rage wa kowa kwana ba, kuma amfaninsa ya fi fitowa ga wanda ya je da wuri.

Sai maganar mofin, wadda na san ita ce ta fi tsaya muku a rai. Innarku tana da dalilin tsoro. Duk mun ga abin da kodin da tramadol suka yi wa matasanmu, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Amma yaron da ke shan kwalba a lungu don ya bugu, da dattijuwar da sankara ke cin ƙashinta aka auna mata magani daidai ciwonta a ƙarƙashin idon likita, ba hali ɗaya suke ciki ba. Ga irin Mama, kamuwa da jarabar maganin abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ke faruwa shi ne jiki yana sabawa, shi ya sa ba a yanke shi rana ɗaya; in ciwo ya ragu, a hankali likita yake sauke shi.

Maganar "wanda aka fara ba shi ba ya daɗewa" kuma, ga inda ta samo asali. Saboda tsoron da ake yi masa, sai a riƙa jinkirtawa har sai mutum ya kai gargara, sannan a ba shi. In ya cika bayan kwana biyu sai a ce maganin ne, alhali ciwon ne ya kai inda zai kai, kuma an bar bawan Allah ya sha azabar watanni a banza. Mofin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A Yuganda, tun da Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a 1993, ake haɗa shi na ruwa a kwalba ana ba marasa lafiya su tafi da shi gida, kuma a 2004 ƙasar ta ba nas-nas masu horo na musamman izinin rubuta shi. Mutane na shan sa watanni, wasu shekaru, suna zama da jikokinsu suna hira.

In an ɗora ta a kai, mai yiwuwa na ruwa ne, ana auna shi da sirinji marar allura a ɗiga mata a baki, yawanci duk bayan awa huɗu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a bi agogo. Kada ki jira sai ta fara juyi tana kiran sunan Allah sannan ki ɗauko kwalba. Irin wannan ciwo kamar wutar daji yake, tun tana ƙarama ake danne ta, in ta kama sai an sha wuya. Likita zai kuma rubuta adadin da za a ƙara in ciwo ya taso a tsakani. Ki sami littafin makaranta guda, ki ja layi: lokaci, adadin da aka ba ta, yatsu nawa kafin a ba ta, yatsu nawa bayan awa ɗaya, ta yi bayan gida ko ba ta yi ba. Da wannan littafin ne za su san ko a ƙara ko a rage in kun koma, kuma shi zai hana a ba ta sau biyu in wani ya karɓe ki.

Kwanakin farko tana iya yawan gyangyaɗi ko tashin zuciya. Wannan yakan wuce cikin 'yan kwanaki, kuma wani ɓangare na barcin bashin da ta daɗe tana bi ne. Wanda ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka kada ku baro asibiti ba tare da maganin sassauta ciki ba, a fara shi ranar da aka fara mofin, a haɗa da ruwa da gwanda gwargwadon abin da take iya ci. In kin ga ana tashinta ba ta farkawa sosai, ko numfashinta ya yi jinkiri ƙwarai, ki tsayar da maganin ku nufi asibiti. Kada a haɗa shi da tramadol ko ƙwayar barci sai da sanin likita. Kwalbar kuma a kulle take kwana, makulli a hannunki, saboda yara da samarin gida. Ba a sayar da shi a kemis, don haka ku koma karɓa tun da saura, kada ya ƙare muku daren Asabar.

In zuciyar Mama ko ta Inna ba ta kwanta ba ta fuskar addini, ku kira malamin da suka yarda da shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta magani na larura da shaye-shaye. Haƙuri da jarrabawa kuma bai hana neman sauƙi. Matar da ciwo ya lafa mata ita ce za ta iya riƙe carbinta, ta yi sallarta a zaune ko a kishingiɗe kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Imrana ɗan Husaini sauƙi, ta yi taimama in ruwa na wahalar da ita.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki ma ba mofin ba ne, diclofenac ɗin nan ne da ake sha kullum ba tare da an duba ba. Yana iya huda ciki ya sa zubar jini, yana iya lalata ƙoda, musamman ga dattijuwar da ba ta ci ba ta sha sosai. Ki zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, har da jiƙe-jiƙe da garin maganin da 'yan dubiya suka kawo, ki ajiye a gaban likita. Ki kuma tambaye shi maganar gashi, wato ƙona sankarar da haske mai ƙarfi na inji. Ƙashin da sankara ke wa ciwo a wuri ɗaya, sau da yawa zama ɗaya a injin gashi yana rage raɗaɗin sosai. Ana yi a Zariya da Sakkwato da Abuja. A buga waya a tabbatar da rana kafin a ɗora ta a mota.

Yanzu ga inda na saɓa da Yayanki. Na san ƙauna ce ta sa ya ce a ɓoye mata, yana gudun kada zuciyarta ta karye. Amma matar da aka cire wa nono, ta sha kimo har gashinta ya zube, yau kuma bayanta ya hana ta barci, kina ganin ba ta san komai ba? Ta ga yadda kuke yin shiru in ta shigo, ta ga idonki ya yi ja kin ce hayaƙi ne. Abin da yakan faru shi ne uwa ta gane, ta ga 'ya'yanta na ɓoyewa, ita ma ta ɓoye don kada ta tayar musu da hankali. Sai kowa ya kwana da nauyinsa shi kaɗai a gida ɗaya. Wannan kaɗaicin yana cikin abin da ke hana barci, kuma babu kwalbar da ke maganinsa.

Ba cewa nake ki shiga ɗaki ki sauke mata labari gaba ɗaya ba. Ki buɗe mata ƙofa ne kawai. Bayan ciwon ya lafa, a lokacin da ba kowa, ki ce, "Mama, yaya kike ganin jikin nan naki?" Sai ki yi shiru ki jira, ko da shirun ya yi tsawo. Ko ki ce, "In likita yana da bayani, kina so ya yi miki da kanki, ko ya yi mana mu?" In ta ce ku ji kawai, ita ta bar wa Allah, wannan zaɓinta ne, a girmama shi. In kuma ta ce tana son ji, haƙƙinta ne. Ma'aikatan sashen sun saba da irin wannan zama, sun san yadda ake faɗar gaskiya kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da mutum ya nema, kuma za su iya tara ku duka a ɗaki ɗaya su jagoranci maganar. Ki tuna Mama na iya samun bashin da take son biya, ko amanar wani a hannunta, ko 'yar'uwar da suka yi shekaru ba sa magana, ko wasiyyar da take son bari. Ba mu da ikon hana ta waɗannan don mu kanmu muna tsoron kuka.

Maganar gona ma a nan ta ɗaure. Gado ce, Mama tana da tumuninta a ciki, ke ma kina da rabonki, ba a sayar da ita da yawun mutum ɗaya. Ta yaya za a nemi yardarta a sayar don a kai ta Masar alhali ba a gaya mata dalilin tafiyar ba? Ban ce kada a nemi ra'ayin wani likita ba. Amma kafin a taɓa gona, a tura sakamakon hotuna da gwaje-gwajenta can, a nemi amsa a rubuce: warkewa ake sa rai ko danne ciwo? Me za su yi da ba a yi a nan? Nawa ne, har tsawon wane lokaci? Sankarar mama da ta shiga ƙashi, a Alƙahira ko a Landan, danne ta ake yi, kuma wasu matan suna shekaru a haka cikin sauƙi. In abin da za a ba ta can ana samunsa a nan, kuɗin jirgi da masauki sun fi amfani a magani, da katifa mai kyau, da keken guragu, da mai taya ki aiki. Sannan a tambayi mai jikin ko tana son ta yi watanni a ƙasar da ba ta jin yarensu, nesa da jikokinta.

Akwai alamun da ba a jiran ranar asibiti in an gan su, tunda ciwon yana ƙashin baya. In ƙafafunta suka fara nauyi ko mutuwa, ko tafiya ta gagara farat ɗaya, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba ba ta sani ba, a ranar za ku tafi, ko da tsakar dare ne, domin yana iya zama ciwon ne ya danne lakar baya, kuma awanni ne ke raba wanda zai ci gaba da takawa da wanda ba zai sake ba. Haka in ta rikice tana sambatu ga ƙishirwa mai yawa da amai, wanda kan faru in sinadarin kalsiyam ya hau a jini, ko zazzaɓi ya rufe ta alhali tana kan kimo. Ki karɓi lambar wayar sashen tun ranar farko, ki tambaya wa ake kira bayan an tashi aiki, kuma ko suna zuwa gida in ta kai ba ta iya fita.

Ke kuma, ƙanwata, jinyar nan mai tsawo ce, mutum ɗaya ba ya iya ta. Kasancewarki mace ɗaya bai sa ta zama taki ke kaɗai ba. A zauna a raba: Inna ta karɓi wasu darare, matan yayyenki su karɓi girki da wanki, maza su ɗauki kuɗin magani da kai ta asibiti. In ta fara yawan kwanciya, a riƙa juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, kuma wannan aikin mutum biyu ne, kada ki karya bayanki. 'Yan dubiya a sa musu lokaci, bayan la'asar misali, su yi addu'a su tashi. Ba rashin kunya ba ne a ce tana barci. Mijinki kuma ki zaunar da shi ki gaya masa halin da ake ciki da ranakun da za ki kwana a gida, don kada ya riƙa jin labari a bakin wasu.

Da Yaya kuma kada ki ja. Ki ce masa, "Yaya, ba na son in je ni kaɗai, ka zo ka ji da kunnenka, in ba ka gamsu ba sai mu san abin yi." Ya shiga ɗakin likita da ku, ya yi duk tambayoyinsa, har da ta Masar. Ku tafi da fayil ɗinta, da hotunan, da ledar magunguna, da matashin da za ta jingina a mota, kuma a ba ta maganin ciwon da take sha kafin a kama hanya. Allah ya sa ku dace, ya ba ta barci mai daɗi.